Ɗan Maigida ya karɓi shago, ni kuwa alli ya daina zane a hannuna

Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Shekarata 36, ina da mata da yara uku. Shekara goma sha huɗu ke nan ina shago ɗaya: a nan na yi koyo, a nan aka yaye ni, har na zama ni ne babba in ka cire Maigida. Ni nake yanka, ni nake zana wuya da aljihu. Bara Maigida ya kwanta ciwo, ya miƙa shago ga ɗansa da ya gama makaranta, yaron da ni na riƙa raka shi makarantar allo. Ya sayo keken surfani mai aiki da kwamfuta, yana karɓar ɗinki ta WhatsApp daga Akara har Amurka, kuɗi na shiga ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a wayarsa. Ya daina biyanmu a mako, sai a kan kowace riga. Azumin nan ya karɓi aikin da na san ba za mu gama ba, na yi shiru don ya gani da idonsa. Goman ƙarshe a shago muka riƙa kwana. Ran jajibere wata shadda mai tsada ta tattare a wuya cikin sabon keken, mai ita ya yi ta faɗa, yaron ya juyo ya daka mini tsawa a gaban 'yan koyo, wai ni ne ban duba ba. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ba na barci, kaina na sarawa, abu kaɗan sai in hau matata da faɗa. Da can ko a cikin trotro, motar haya, nake sai sabon zane ya faɗo mini. Yanzu ko na riƙe alli ba abin da ke zuwa. Ina so in buɗe nawa shagon, amma ba ni da jari, kuma ina jin nauyin Maigida. In tafi ko in zauna?

Tela daga Aboabo

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Maigidanka lafiya, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Maganar tafiya ko zama ka sa ta a ƙarshen wasiƙarka, ni ma can zan ajiye ta. Mutumin da ya yi makonni bai yi barcin kirki ba, bai kamata ya yanke hukuncin da ya shafi tuwon yara uku ba. Kai kanka ba za ka bar ɗan koyo ya ɗora almakashi a kan shaddar mutane yana gyangyaɗi ba.

Gobe kafin ka buɗe shago ka biya kantin magani, ko ka leƙa asibitin Manhyia da ke kusa da ku, a auna maka jini. Abin minti biyar ne. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, aka sake aunawa wata rana aka same shi a nan, to maganar ta koma hannun likita. Ban ce hawan jini ke damunka ba. Amma shi ba ya sallama, mutum yakan yi shekaru da shi bai sani ba, kuma magidanci mai zama a kan keke daga safe har dare cikin ɓacin rai ya dace ya san awonsa. Na kuma san abin da ke yawo a shagunan ɗinki idan Salla ta matso: ataya mai kauri har ƙarfe biyun dare, lemon gwangwani na ƙarin kuzari, wasu har da tramadol. In kana taɓa na ƙarshen nan, ka faɗa wa likita kai tsaye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shayi da kofi kuwa, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yana daɗewa a jiki. Bayan awa biyar wajen rabinsa na nan bai fita ba. Don haka daga la'asar ka ajiye kofin. Wayar ma ka bar ta a falo in za ka kwanta. Babba yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma Allah da kansa ya faɗa a Suratun Naba'i cewa ya sanya barci hutu, dare sutura, rana kuma lokacin neman abinci. Ba mu muka tsara jikin nan ba.

Wani a majalisa zai iya ce maka an ɗaure maka basira ne, ka nemi taimako. Ka yi addu'arka, ka riƙe azkar, wannan ba mai hana ka. Amma abin da ka bayyana sananne ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninsa, ta ce hali ne da wurin aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma kawo alamu uku: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta fita daga aikin har ya fara jin haushinsa, sannan aikin nasa ya daina kyau kamar da. Duka ukun suna cikin wasiƙarka. Basirarka tana nan, gajiya da ɓacin rai ne suka danne ta. Sai dai in abin ya kai kana jin rayuwar gaba ɗaya ba ta da amfani, kada ka tsaya jiran amsata, ka tafi asibitin Komfo Anokye, suna da sashen da ke duba damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Yanzu bari in taɓa wurin da ke da zafi. A cikin duk abin da ka rubuta, jimla ɗaya ce ta tsaya mini a rai: "Na yi shiru don ya gani da idonsa." Ɗana, wannan shirun ba haƙuri ba ne. Ramuwa ce. Kuma duba waɗanda ta faɗa wa: 'yan koyon da suka kwana goma a kan benci, mutumin da ya sa tsohuwar riga ya tafi Idi, sunan Maigida da aka yi shekaru ana ginawa, da matarka da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kai ma ba ka tsira ba.

Ina faɗa maka haka ne domin na taɓa yi. Shekaru da dama da suka wuce ina akawu a wani shagon sari a Adum. Littafin bashi da na shigowar kaya duk a hannuna suke, da biro nake rubutawa. Sai mai shagon ya kawo ɗan ƙanwarsa da kwamfuta. Ba a shawarce ni ba, da safe kawai na zo na tarar an matsar da teburina kusa da ƙofa. Wata rana na ga yaron ya shigar da bashin wani dillali sau ɗaya, alhali sau biyu ya ɗebi kaya. Na gani sarai, na haɗiye. Sai bayan wata uku aka gano, lokacin dillalin ya bar gari. Mai shagon bai zarge ni ba don bai san na gani ba, kuma wannan ne ya fi cina. Mutumin da ya biya kuɗin asibiti ranar da aka haifa mini 'yar fari, shi na bari ya yi asara don in huce a kan yaro. Daga baya na je na gaya masa, ya yafe mini, amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Abin da ya same ni a lokacin shi ne ya same ka. Ba keke ne ya ɓata maka rai ba, ba WhatsApp ba ne. Shekara da shekaru ba a karɓar babban aiki a shagon nan sai an ce, "Bari a tambayi wane." Rana ɗaya aka daina tambayarka. Da aka cire bakinka daga shawara, sai kai kuma ka ɗauke zuciyarka daga aikin, hannu kaɗai ka bari. Zane kuwa ba daga hannu yake fitowa ba.

Tsawar da ya yi maka laifi ce, ba zan yi masa kwaskwarima ba. Ba a yi wa babba tsawa a gaban yaran da yake koya wa aiki, ko da shi ne da laifi, balle ba a ma bincika ba. Yana da bashin ban haƙuri a kansa. Amma ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Ubansa na kwance, kuɗin magani daga shagon nan yake fita. Keken nan ba araha ba ne, mai yiwuwa akwai bashi a bayansa. Ya taso ya ga yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo: a Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari, zare, allura, wutar lantarki, komai ya hau, kuma abin da ya hau a kasuwarmu da wuya ya sauko inda yake da. Mai irin wannan lissafi a ka, in aka turo masa kuɗin kafin alƙalami ta MoMo, ba ya iya cewa a'a. Sannan ga ka. Kowa a Aboabo ya san hannun wa ke riƙe da shagon. Yaron da ka riƙa riƙe wa allo yau shi ne zai ce maka yi kaza, kuma ya san 'yan koyo fuskarka suke kallo kafin su motsa. Ina kyautata zaton tsoronka yake ji fiye da yadda kake zato, kuma tsawar mai jin tsoro ta fi ta kowa ƙara.

Saboda haka kai za ka fara zuwa wurinsa. Na san da ciwo. Amma kai ne babba, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Lokacin ma yanzu ne: tsakanin ƙaramar Salla da babba wata biyu ne da kwana goma, kuma makonnin farko shago yana numfashi. In ka bari layya ta matso, kowa zai koma cikin hayaniya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku yi maganar a shago, kada ka yi ta a waya, kada kuma ka fara kai ƙara wurin Maigida yana kan gadon jinya. Yaron zai ɗauka ka kai shi gaban ubansa ne don a kunyata shi, tsohon kuma ka ƙara masa ciwo. Ka tare shi bayan sallar isha'i, ka ce kana son ganinsa, ku sami wuri ku biyu.

Ka fara da naka laifin. Wani abu kamar haka: "Ni na fara yi maka ba daidai ba. Tun tsakiyar azumi na ga aikin ya fi ƙarfinmu, ban gaya maka ba. Ka yafe mini. Amma tsawar da ka yi mini a gaban yara ta yi mini ciwo, har yau ban warke ba. In na yi kuskure ka ja ni gefe, ko me za ka faɗa zan saurara." Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana, ko da ya fara da kare kansa. Kada ka kawo zancen makarantar allo, kada ka ce "lokacin da babanka ke nan". Waɗannan kalmomi biyu kaɗai sun isa su rufe ƙofar. In ka ji jini na hawa, ka tuna abin da Manzon Allah (SAW) ya koyar: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ba dole a gama komai a dare ɗaya ba.

Idan zukata sun ɗan sauka, to ka fito da abin da ka fi kowa sani, wato lissafin ƙarfin shagon. Wannan shi ne maganin kwanan shago, ba haƙuri ba. A ce ku huɗu ne masu ɗinki, kowa na gama kaftani biyu a rana ba tare da ya raba dare ba. Takwas ke nan. In kwanakin aiki talatin suka rage kafin Salla, 240 ne iyakarku. Ka cire kwana uku ko huɗu saboda dumso, wato ɗauke wuta, da keken da zai lalace, da wanda zazzaɓi zai kwantar. Abin da ya rage wajen 210 ne. Ka sa naku adadin na gaskiya, wanda kai ka san shi kamar yunwar cikinka. Ku kafa allo a bango, kowane ɗinki da sunan mai shi da ranar karɓa. Allo ya cika, an rufe karɓa, sai dai wanda ya yarda da bayan Salla, ko wanda zai biya kuɗin gaggawa, shi ma guri kaɗan za a ware masa. Sannan ka roƙi abu ɗaya: kada ya ba kowa rana a WhatsApp sai ya tambayi mai yanka. Shi ya riƙe waya da kuɗi da hulɗa da masu kaya, a nan ya fi ka. Kai ka riƙe rana da ingancin aiki. Yaron da ya yi makaranta yana girmama lissafi. In ka zo masa da ƙorafi zai ji tsoho na mita, in ka zo masa da adadi zai ga abokin aiki. Ka nuna masa kuma cewa shadda ɗaya da aka lalata, da mai kaya ɗaya da ya tafi yana zagi a Zango, sun cinye ribar riguna goman da aka cusa a kan ƙa'ida.

In ka yi wannan sau biyu bai saurara ba, sai a nemi na uku: aminin Maigida, ko limamin masallacinku, ko wani dattijo daga reshen ƙungiyar teloli ta ƙasa, GNTDA, in shagonku na ciki. Kafin nan dai ka kame bakinka a gaban 'yan koyo. Tsaki ɗaya da za ka yi in ya juya baya, su a wurinsu izini ne, gobe shago ya rabu biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai maganar keken, wadda nake ganin a nan alherinka yake ɓoye. Keken surfani na kwamfuta bai san kyau ba, bai san muni ba. Abin da aka zana aka saka masa shi yake bi. Dole wani ya zana furen, ya faɗa masa inda allura za ta fara, wane irin ɗinki za ta yi, ta wane gefe zare zai kwanta, da yawan cushewarsa. Shaddar da ta tattare ran jajibere, dalilinta ba ya wuce 'yan abubuwa: ko zaren ya cushe fiye da abin da yadin zai ɗauka, ko ba a ɗaure yadin daidai a cikin zobe ba, ko ba a sa abin ƙarfafawa a ƙarƙashinsa ba, ko zaren ya yi tsauri. Da an gwada a ƙyallen wannan shaddar kafin a ɗora rigar, da an gani. Wa ya san halin shadda mai maiƙo, da yadda ta bambanta da yadi mai laushi, da inda wuya yake faɗawa a ƙirjin mai ƙiba? Kai. Wa ya san maɓallan kwamfuta? Shi. Kowannenku na riƙe da rabin mabuɗi, kun juya wa juna baya.

Ka ce masa ya koya maka. Eh, ka zauna kusa da shi kamar ɗan koyo, awa ɗaya bayan an tashi, kwana biyu a mako. Wanda ya iya lissafin hannun riga da ido ba zai gagara koyon wannan ba. Kuma roƙon da za ka yi masa zai kwance abin da ke ƙirjinsa fiye da kowace nasiha, domin a ranar zai tabbata ba jiran faɗuwarsa kake ba. Zanen da ake saukewa daga intanet kowa na da shi. Wuyan da ka gani a Asawase shi za ka gani a Nima, shi za ka gani a Tamale. Shagon da zai yi fice shi ne wanda ke da mai zana nasa. Ka tuna ma ba yau aka fara ba. Da keken surfani na lantarki ya shigo, masu ɗinkin hannu sun ɗauka tasu ta ƙare, amma har gobe babbar riga mai aska takwas da aka yi da hannu ita ce mai daraja, kuma masu keken ma zanen magabata suke kwaikwayo.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma ina so ka buɗe ido. Biya a kan kowace riga yana iya yi wa mai ɗinki kawai daidai. Kai kuwa yana cutar da kai, domin rabin aikinka ba a ƙirga shi da riga. Yanka, zane, duba aikin wasu, koya wa yara, lallashin mai kaya da ya fusata, duk ba su shiga lissafi. Zanen da ka yi sau ɗaya aka saka a kwamfuta kuwa, keke zai ɗinka shi sau ɗari. Don haka ka nemi tsayayyen abu a mako ko a wata saboda yanka da kula da shago, sannan wani abu a kan kowane sabon zane, ko ɗan kaso duk lokacin da aka ɗinka shi. Ku rubuta, ku sa hannu, da shaida. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye a yi shi da rubutacciyar yarjejeniya. Ta sa awa takwas a rana ko arba'in a mako, da hutun shekara da bai gaza kwanakin aiki goma sha biyar ba. Amma ƙa'idar awannin ba ta hau kan mai aikin jinga ba, wanda ake biya a kan abin da ya gama. Ka ga sauyin da aka yi muku ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a ce an zauna da ku kafin a yi shi. Ban kawo maka doka don ka kai ɗan Maigidanka gaban Hukumar Ƙwadago ba. A Zango mun fi gyara irin wannan a kan tabarma. Na kawo ta ne don ka san abin da kake nema ba alfarma ba ce, ka faɗe shi ba tare da sunkuyar da kai ba.

Zane kuma zai dawo, amma ba ya zuwa da tilas. In ka zauna ka ƙura wa alli ido kana cewa sai ya fito, ƙara gudu zai yi. Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: a trotro yake zuwa maka, wato lokacin da hannu ya huta, ido na yawo. Yaushe rabonka da ka ga wani abu ban da bangon shago da silin ɗakinka? Ka ɗauki rana ɗaya a mako wadda ba ka taɓa keke. Wata ranar ka hau mota zuwa Bonwire ka tsaya kan masu saƙar kente, ka ga yadda suke jera launi a ɗan siririn ƙyalle. Wata ranar ka je Ntonso, inda ake sassaƙa hatimin adinkra a jikin ƙwarya ana buga shi a yadi. Ba don ka kwaso nasu ka liƙa a kaftani ba, don idonka ya sha ruwa. A gida ma akwai: zayyanar allon sauka, lallen da ke hannun amare, ratsin fugu, rigar saƙi ta mutanen arewacin Gana, ƙarfen tagogin tsofaffin gidaje, har jerin atamfofi a kasuwar Kejetia. Ka sayi ɗan littafi mai shiga aljihu. Duk abin da ya burge ka ka zana shi a gurguje, ko bai yi kyau ba, kada ka nuna wa kowa. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, ka ba shi minti ashirin. Sannan ka ɗinka riga ɗaya wadda ba mai jiranta, ba ranar karɓa, ba mai faɗa: ka yi wa ɗanka ƙaramin kaftani da wuyan da ba ka taɓa yi wa kowa ba. Na ga teloli da yawa da son sana'a ya dawo musu ta kan rigar da ba a biya su ba.

Matarka kuma, yau ɗin nan, ba gobe ba. Ka zaunar da ita ka ce mata ba ita ba ce, abu kaza ne ke faruwa a shago, ka ba ta haƙuri. Mace tana iya ɗaukar talauci da gajiyar miji, abin da ke karya ta shi ne faɗan da ba ta san dalilinsa ba. In ka taso daga aiki kada ka zarce gida da zafinka. Ka tsaya masallaci, ko ka taka da ƙafa maimakon hawa pragiya, keken haya mai ƙafa uku, ka shiga gida da fuskar da yara za su iya tara.

To, tafiya ko zama. Ra'ayina shi ne ka zauna zuwa bayan babbar Salla, amma zaman mai gyara, ba zaman mai jiran a kwashe ba. Ka ga ko allon ya hau bango, ko ana tambayarka kafin a ba da rana, ko an gyara maganar biya, ko tsawa ta sake faruwa. A lokaci guda ka fara shiri, domin tela mai shekara goma sha huɗu a sana'a ya dace ya yi tunanin nasa wurin ko da ba a yi faɗa ba. Ka shiga susu, wato adashi, ko ka buɗe wani asusu da ba ka taɓawa. Ka zauna ka ƙirga abin da buɗe shago ke ci: dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kai ma ka san masu shaguna a Kumasi shekara biyu suke nema, wani lokaci fiye, ga keke, ga na gefe, ga dutsen guga, ga mita, ga abin da iyali za su ci wata uku kafin masu kaya su san inda ka koma. Wanda ya fita cikin fushi ba tare da wannan lissafi ba, sau da yawa bayan wata shida za ka same shi yana jinga a shagon wanda bai kai ɗan Maigidansa mutunci ba.

In lokacin ya yi ka ga ba abin da ya sauya, ka tafi, ba ka ci amanar kowa ba. Nauyin Maigida da kake ji alamar ɗan halak ce, amma shekarun da ka yi kana riƙe masa shago su ma biya ne. Sai dai ka fita ta ƙofa: ka je ka durƙusa gabansa ka nemi albarka, ka ba su wa'adin wata guda aƙalla, ka tsaya har wani ya iya yanka, kada ka kwashi lambobin masu kaya a ɓoye, kada ka janye masa yara. Wanda ke son hannunka zai nemo ka da kansa, Aboabo ba ta da girman da tela zai ɓata a cikinta.

Ka sake rubuto mini bayan layya. Ina so in ji abin da awon jini ya nuna, da abin da yaron ya ce a daren da ka nemi ya yafe maka. Ka gaishe mini da Maigida da jiki, ka gaida iyali.